ALLURAR CAINA BAYAN AIKIN BAYA

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya wuce, ya dawo bayan Isha'i.

Kwanan nan babu ranar da zan buɗe Facebook ko TikTok ban ci karo da tallar "allurar Caina" ba. Ka ga mutum kwance rub da ciki, an jera masa allurai a gadon baya kamar bushiya, ga wani cikin farar riga yana rantsuwa cewa zama bakwai kacal ƙashin da ya goce zai koma mazauninsa, ba tiyata ba asibiti. Da yake da yawanku kun san an yi mini aikin baya a ƙarshen 2023, kun kuma san an soka mini allurar nan bayan aikin, saƙonni sun yi mini yawa. Tambayar kusan ɗaya ce: tana magani ko damfara ce? Maimakon in riƙa amsa wa mutum ɗai-ɗai, gara in zube abin da na sani a nan, kowa ya ɗauka. Ni dai ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne da ciwo ya kwantar, ya yi karance-karance don dole.

Farko dai, abin da muke cewa "ƙashin baya ya goce", ba ƙashin ne ke gocewa ba. Ƙashin gadon baya gaɓoɓi ne a jere kamar carbi, guda 5 daga cikinsu suna ƙugu, su ne ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai wani faifai na guringuntsi, bayansa da tauri, cikinsa da laushi. Aikin da shok ke yi wa babur shi yake yi wa mutum. In bayan faifan ya tsage, abin cikin sai ya ɓullo ta gefe, kamar ƙullin ledar kunu da aka ɗora wa nauyi, ya danne jijiyar da ta fito daga laka za ta gangara ƙafa. Shi ya sa matsalar tana ƙugu amma azabar tana ƙafa: daga mazaunai ta bi bayan cinya, ta sauka ƙwauri, har yatsu. Kuma galibi faifai biyu na can ƙasa ne ke yin haka.

Abin da masu talla ba za su taɓa gaya maka ba shi ne, mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi ba tare da aiki ba, cikin mako 6 zuwa 12. Kumburin yana sauka, jiki da kansa yakan shanye wani ɓangare na abin da ya ɓullo. To ka ga inda kasuwar take. Duk wanda ya ba ka wani abu cikin makonnin nan, ko garin magani ne, ko ƙaho, ko allura, ko man shafawa, shi zai kwashe ladan waraka, ya ɗauke ka bidiyo kana godiya. Ba ƙarya ka yi ba, ka warke ɗin. Amma da ka kwanta a ɗakinka ma kana iya warkewa.

Ni ban shiga cikin masu wannan sa'a ba. Shekara da shekaru ina hawa babur daga nan Kongolam zuwa wurin aiki, in je in wuni kan kujerar katako, in sake hawowa da yamma. Bayan nan yana ɗan yi mini ƙorafi ina basarwa. Ranar da abin ya tashi da gaske, da kaka ne, buhun gero na kama wa yara za mu ɗora a amalanke. Na ji wani abu ya ce ɗas, kamar an tsinka tsirkiya. Washegari ba na iya sa wando sai uwargida ta kama mini. Ruku'u ya gagara, sujada kuwa ba a magana, na koma sallah a kujera ina ɗan shekara arba'in da 'yan kai, a sahu ɗaya da dattawan da suka haife ni. Wanda bai taɓa ba ba zai gane nauyin wannan a zuciya ba. An yi wata uku ana magani da gashi. Sai ƙafar hagu ta fara ja, silifas na suɓucewa ban sani ba, sai yaro ya biyo ni da shi. Aka tura ni Kano, aka yi hoton MRI, likitan ya nuna mini faifan a allo ya ce jijiyar ta fara mutuwa, jira ba nawa ba ne. Bijimai biyu suka tafi, bashin ƙungiyar ma'aikata ya hau kaina, 'yan'uwa da abokai suka cika. Allah Ya saka wa kowa da alheri, wasunku suna karanta wannan, kun san kanku.

Aikin ya yi kyau, alhamdulillahi. Ina farfaɗowa na ji wutar nan da ke bin ƙafata ta mutu. Likita ya yanke guntun da ya ɓullo ne ya cire shi, jijiya ta samu ta numfasa. Amma babu wanda ya shirya ni a kan abin da ke biyo baya. Mu a nan muna ɗauka in an ce "an yi aiki an dace", shi ke nan an gama, sai a zo barka. Ashe rabin tafiya ce. Bayana ya sandare kamar an ɗaure ni da kara. Naman da aka yanka aka ratsa yana ɗaurewa da dare, in farka ƙarfe biyu in kasa juyawa. Babban yatsan ƙafa da gefen ƙwauri kamar ba nawa ba. Ga tsoro, domin an gaya mini faifan yana iya sake ɓullowa, kuma yana faruwa ga wasu, saboda haka ko atishawa zan yi sai na dafa bango.

Sai maganar ƙwaya. An sallame ni da magungunan kashe zafi, har da tiramadol na ɗan lokaci. Mu da muke bakin iyaka ba sai an ba mu labarin tiramadol ba, mun ga yadda ta mayar da 'ya'yan mutane. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan ire-iren waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Ba dukkansu ne suka fara don maye ba, wasu ciwon baya ne ya kai su kemis. Ɗaya ɓangaren kuma su dikulofenak ne da "haɗin" da ake ƙulla wa mutane a leda, masu cinye ciki su taɓa ƙoda in an daɗe a kansu, ni kuma dama ina da olsa. Na tsinci kaina tsakanin zafin da ba ya barin barci da ƙwayar da nake tsoro. A nan ne maganar allura ta shigo.

Kafin ita dai, kun san halinmu, duk wanda ya zo dubiya likita ne. Wannan ya ce a kira wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Wancan ya ce akwai maɗori a wani ƙauye da ke taka bayan mutum ya ji ƙas, shi ke nan. Wani ya kawo kitsen damo a kwalba. Wani dattijo ya ce lalas ne maganin abin, a ɗora ƙarfe mai zafi a inda jijiyar ta kwanta. Ban raina kowa ba, ƙauna ce ta kawo su, kuma ƙaho da ɗori sun yi wa iyayenmu rana lokacin da babu asibiti ko ɗaya tsakanin nan da Daura. Amma bayan da aka buɗe aka ɗinke mako uku da suka wuce ba wurin takawa ba ne, ba wurin tsaga ba ne.

Wani surukina daga tsallake, mutumin wajen Matamaye, shi ya fara kawo zancen. Ya ce, "Malam, ka zo mu kai ka Yamai wurin likitocin Shinuwa, da allura kawai suke tayar da mutum." Maganarsa tana da tushe. Tun 1976 ƙasar Sin ke aiko da tawagar likitoci Nijar daga lardin Guangxi, kuma babban asibitin nan na Yamai da aka ƙaddamar a 2016 su suka gina shi. Mutanen Nijar sun riga mu sanin allurar nan nesa ba kusa ba. Sai dai ku tuna lokacin: an yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Mu da Ɗan Barto ke nan gabanmu kamar ka miƙa hannu, sai ta hanyar daji a kan babur. Daga Damagaram zuwa Yamai kuma wajen kilomita 900 ne. Na ce masa, "Suruki, kafin mu isa ai sai a sake sabon aiki."

A Kano na same ta ba tare da na nema ba. Likitan gashin da aka haɗa ni da shi bayan aiki, wato fisiyo, ya yi ƙarin karatu a kan allurar. Da na gaya masa halin da nake ciki da dare, ya ce za a iya gwadawa, amma da sharaɗi biyu: sai ciwon aikin ya warke sarai, kuma sai likitan da ya yi aikin ya amince. Na koma na tambaya. Likitan tiyatar ya yi murmushi ya ce ba ya hanawa, in dai ba a soka a kan tabon ba, kuma in dai ba za ta sa in bar motsa jikin da aka ɗora ni a kai ba.

Ga yadda abin yake, don masu tambaya. Allurar siririya ce ƙwarai, kaurinta wajen rubu'in milimita, ba ta da rami a ciki, babu ruwan magani ko ɗigo. Kowace tana cikin ledarta a rufe, a gabanka ake ɓarewa, in an gama a jefa a kwandon da ba a sake ɗaukowa. Za a goge fata da sifirit, a soka kamar goma zuwa goma sha biyar: gefe da gefen ƙugu, mazaunai, bayan gwiwa, ƙwauri, har kusa da idon sawu. Shigarta bai kai cizon sauro ba. In ya ɗan murza ta ne za ka ji wani nauyi-nauyi, wani tsami yana yaɗuwa a cikin naman. Wani lokaci yakan maƙala wa wasu 'yan wayoyi daga wata 'yar na'ura mai batir, ka ji naman yana ɗan harbawa. Minti ashirin zuwa talatin kana kwance, sai a zare. Sau biyu a mako, na yi zama goma.

Da na dawo gida bayan zaman farko Inna ta sa na ɗaga riga ta duba. Ta ce, "To kai ɗan nan, wane ruwan magani ne a cikin allurar?" Na ce babu, Inna. Ta ce, "Allura ba magani? Ashe kuɗin huji kawai ka biya. Da ka faɗa mini ai da na sa an kira wanzami, shi ko jini ya fitar a gani." Muka yi ta dariya ina riƙe ƙugu. Amma tambayar Inna ita ce tambayar da masana suka shekara hamsin suna yi.

Abin da na ji a jikina shi ne wannan. Bayan zama na uku na yi barci har asuba, karo na farko tun aiki. Ɗaurewar naman ta ragu. Kafin zama na shida na bar tiramadol gaba ɗaya, sai farasitamol jefi-jefi. Da zafin ya sassauta sai na iya yin atisayen da a da nake gudu. Yatsan da ya mutu kuwa, allura ba ta yi masa komai ba, kuma fisiyon bai taɓa ce mini za ta yi ba. Ya ce jijiyar da ta daɗe a danne a hankali take farfaɗowa, wata ma ba ta dawowa duka. Na riƙe mutumin nan da daraja saboda wannan magana.

To amma allurar ce ta yi, ko lokaci ne, ko atisayen? Duk ukun a tare suka zo, jikina ba ɗakin gwaji ba ne. Wannan ya sa na shiga karatu, tunda ina kwance ba aikin fari ba na baƙi.

Su mutanen Sin sun fi shekara 2,000 suna wannan abu. A bayaninsu na gargajiya, akwai wani ƙarfi da suke kira "chi" mai zagaya jiki ta wasu hanyoyi, in ya toshe sai ciwo ya zo, allura ke buɗe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wuraren sokawa guda 361 a 2008 don a daina saɓani a kansu, UNESCO kuma ta sa sana'ar cikin kayan gadon al'adun duniya a 2010. Likitocin zamani ba su ga wata hanyar "chi" a jikin mutum ba. Abin da suka gani shi ne sukar tana taɓa ƙananan jijiyoyi da nama, jiki ya saki sinadaran kashe zafi nasa na kansa, naman da ya ɗaure ya saki. Abin da ya ba ni sha'awa, shigarta Amurka ma ta ƙofar jinyar bayan tiyata ce. A Yulin 1971 wani ɗan jaridar New York Times mai suna James Reston yana Beijing afendis ya kama shi, aka yi masa aiki a can. Da ciki ya dame shi bayan aikin aka soka masa allurai a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyi, ya samu sauƙi, ya rubuta labarin a jaridarsu. Shekara ta zagayo Shugaba Nixon ya ziyarci Sin, daga nan abin ya bazu. Ku lura, ba allura ce ta cire masa afendis ba, wuƙa ce. Allura zafin bayan aiki ta rage masa.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai Jamusawa ne suka yi, aka wallafa a 2007. Suka ɗauki mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, suka kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu allura ta gaske a wuraren da littafi ya ce. Kashi na biyu aka yi musu ta bogi, a soka sama-sama a wuraren da ba su ne ba, su ba su sani ba. Kashi na uku aka ba su kulawar da aka saba, magani da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida, waɗanda suka samu sauƙi a kashi na farko kashi 47.6 ne cikin ɗari, na bogi 44.2, na kulawar da aka saba 27.4. Ku sake karantawa. Allura ta doke abin da aka saba da rata mai yawa, amma ta bogi ta kusa kamo ta gaske. Masu son abin suka ce kun gani tana aiki. Masu ƙi suka ce kun gani, ko ina ka soka ɗaya ne, imanin majinyaci ne da kulawar da ya samu. Ni a ganina kowane ya kama gefen gaskiya. Mutumin da aka kwantar rabin awa, aka taɓa inda ke masa ciwo, aka saurare shi sau biyu a mako, dole ya ji daban da wanda aka miƙa wa takarda cikin minti biyu aka ce na gaba ya shigo. Mu da muka san layin asibitocinmu mun fi Bajamushe fahimtar wannan.

Har yau manyan ƙasashen ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A Ingila, hukumar NICE da ke tsara wa asibitocin gwamnati ƙa'ida ta ce a 2016 kada a riƙa yin allurar don ciwon baya. A Amurka, ƙungiyar likitocinsu ta sa ta a 2017 cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin a kai ga ƙwaya, kuma daga 2020 inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, ta fara biyan zama 12 cikin kwana 90, da ƙarin 8 in ana samun sauƙi. Amma a can ma sun ce ciwon bayan da ba shi da alaƙa da tiyata suke nufi, irina ba ya ciki. A Disamban 2023, daidai lokacin da nake kwance, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta a kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce ana iya yin allurar a matsayin wani ɓangare na kulawa, tare da motsa jiki da wayar da kan majinyaci. Duk cikinsu, har masu goyon bayanta, maganar rage zafi suke yi. Babu ɗaya da ya ce tana mayar da faifan da ya fashe. Hankali ma ba zai ɗauka ba: faifan yana can ciki, bayan nama da ƙashi, tsinken da bai kai kaurin zaren ɗinki ba ba zai tura shi ya koma ba.

Shi ya sa tallar nan ke tayar mini da hankali, kuma ga dalilin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu. Akwai wani maƙwabcinmu, ɗan dako ne, bai kai talatin da biyar ba, 'ya'yansa huɗu. Irin ciwona ya same shi, nasa ma ya fi tsanani. An gaya masa ya je a yi hoto, kuɗin suka fi ƙarfinsa. Sai ga wani baƙo ya sauka a wani ɗaki da akwatin allurai da takardar shaida a firem, ya ce masa tiyata yaudarar likitoci ce, zama goma sha huɗu zai tashi. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya sayar da ragon da yake kiwo ya biya. Ana cikin zaman ƙafafu biyu suka yi nauyi, tsakanin cinyoyinsa ya mutu, fitsari ya fara riƙewa. Ya faɗa wa mutumin, ya ce masa alamar maganin ya fara kama jijiya ce, ya ƙara haƙuri. Lokacin da labari ya iso ni an yi kwanaki a haka. Baƙon ya tattara ya yi gaba, lambarsa ba ta shiga. An yi wa yaron nan aiki daga baya da taimakon jama'a, amma har yau da roba yake fitsari, kuma dako ya ƙare.

Don Allah ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Mai ciwon baya in fitsari ya riƙe masa ko ya fara zuba bai sani ba, ko bayan gida ya kufce masa, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai suka mutu, ko ƙafa ta fara shanyewa, wannan ba na gobe ba ne. Tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka ne aka danne, kuma likitoci awoyi suke ƙirgawa, ba makonni ba. A ɗauke shi a nufi babban asibiti a ranar, ko Katsina ko Kano, ko da bashi ne.

Sai maganar tsabta. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Allurar da aka zare daga bayan wani aka goge da auduga aka soka maka, ka sayi abin da ya fi ciwon baya. Wanda aka yi wa aiki kuma, musamman in an sa masa ƙarfe, ƙwayar cuta in ta shiga kusa da wurin babbar magana ce. Kuma abin ba sakaka yake ba a doka. Tun 1992 aka ɗora wa hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, alhakin sa ido a kan masu wannan sana'a, su kuma likitocin gashi suna da tasu hukumar, MRTB, tun 1988. Mai lasisi ba ya jin haushi in ka ce ya nuna maka. Wanda ya fusata don ka tambaya, ka ɗauki hularka.

Wani abu kuma da ban ga ana faɗa ba. Mafi wuyar jinyata ba allura ba ce, ba atisaye ba ne, hanya ce. Sau biyu a mako daga Kongolam zuwa Daura, daga Daura a bi ta Kazaure zuwa Kano, a motar haya, mutum huɗu a baya, bayan an cire tallafin mai kuɗin mota ya ninka. Sauƙin da na samu a kan gadon fisiyo, rabinsa a hanya yake zubewa kafin in iso gida. Daga baya dole na tare a wurin wani ɗan'uwa a Kano har na gama. Ni ke nan mai albashi, mai takardar hutun jinya, mai ɗan'uwa a birni. Manomi fa? Ɗan dako fa? Matar da ke surfe da daka da ɗaukar ruwa da goyo a baya, wadda nata ciwon ma ba a lissafa shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. In haka ne a ƙasashen da inji ke ɗaukar kaya, to ina ga mu da buhu ke hawa kan mutum?

Mai tallar bogi yana cin kasuwa ne don ya zo har ƙofar gida, mai lasisi kuwa yana birni. Jami'ar Bayero tana yaye likitocin gashi duk shekara, yaranmu ne, wasu na zaune ba aiki, wasu sun tafi Saudiyya da Ingila. Ɗakin gashi ba ya cin kuɗin da ɗakin tiyata ke ci: gado ne, da 'yan na'urori, da mutumin da ya san aikinsa. Allurar kanta kwalinta ba wani kuɗi ba ne. Muna da cibiyar lafiya ta tarayya a Daura yanzu, kamfanin Caina ya gina mana jami'ar sufuri, ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta ƙasarmu, duk mun gode. Abin da nake roƙon 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya da shugabannin ƙananan hukumomin masarautar nan, kuma na san wasu hadimansu suna bibiyar shafin nan, shi ne a sa likitan gashi ko da guda ɗaya a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, ko da ranar kasuwa kawai zai riƙa zama. Ranar Lahadi ɗaya a Mai'adua zai ga masu ciwon bayan da za su ishe shi aikin wata.

Masu tambaya yaya nake yanzu, alhamdulillahi. Na koma sahu, ina ruku'u ina sujada. Kullum bayan Asuba ina tafiyar rabin awa, ina kuma yin atisayen da aka koya mini a kan tabarma, yara na dariya wai Baba na iyo a ƙasa. Babur na rage, buhu kuwa ni da shi sai kallo. Babban yatsan nan har yau rabinsa a mace yake. In sanyin hunturu ya shigo bayan ya ɗaure, nakan koma a yi mini zama biyu ko uku, kuma ina jin daɗinsa.

Masu neman lambar fisiyon ta saƙo, ku yi haƙuri ba zan ɗora ta a nan ba. Wanda aka yi wa aiki ya fara komawa wurin likitan da ya yi masa ya tambaya, in ya amince sai ya neme ni in haɗa su. Wanda ba a taɓa dubawa ba kuma, asibiti zai fara zuwa a san abin da ke damunsa tukuna.

Shi kuma maƙwabcin namu, likita ya ba shi ranar komawa a mako mai zuwa, za a duba ko za a iya cire robar. Mun haɗa kuɗin mota a masallacin unguwa, saura na gwaje-gwaje. Wanda Allah Ya hore wa ya same ni bayan Magariba a ƙofar gida, wanda yake nesa ya sa shi a addu'a.